Sibrand Ɗan Menold da Fuskar da ke Jikin Bushiya

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Sibrand ɗan Menold a shekara ta 688 Miladiyya, a lokacin askin tumaki, a kan tudun Winaldum da ke bakin teku a arewacin ƙasar Firisawa. Mahaifinsa shi ne Menold ɗan Hero, mai dafa gishiri da kiwon tumaki, mahaifiyarsa kuwa Eilika 'yar Sikke, wadda ta shahara a tudun wajen saƙar bargon ulu. Shi ne na uku cikin 'ya'yansu huɗu, kuma shi kaɗai ne namiji.

Ya zo duniya a zamanin da zinariya ta riga ta ƙaurace wa hannun jama'a. Kakansa Hero ya yi ciniki da ƙananan sulallan zinariya, amma masu buga su sun yi ta gauraya su da azurfa shekara bayan shekara har launinsu ya koɗe, daga bisani aka daina yaudarar kai aka koma azurfa zalla. Abin da ya maye gurbinsu shi ne fenin ɗinmu, kuɗin azurfa ɗan ƙarami mai kauri wanda bai kai faɗin farcen babban yatsa ba, babu sunan sarki a jikinsa, babu na gari. A bayansa akwai ɗan gida mai kusurwa huɗu da 'yan alamomi a ciki, a gabansa kuwa wata halitta ce mai doro, ƙayoyi jere a gadon bayanta, wadda mutanen Winaldum ke kira bushiya. Matuƙa sun ce jirgi ne da sandunan tuƙinsa, masaƙa sun ce matajin ulu ne. Kowa ya ga sana'arsa a ciki, kuma ba wanda ya damu ya tabbatar.

Sibrand shi ya damu. An ruwaito cewa yana ɗan shekara bakwai ya tambayi mahaifinsa ko mene ne wannan abu, Menold ya ce masa abin da ake sayen sha'ir da shi ne, ya tashi ya ba shi wuri. Yaron bai gamsu ba. Ya zare fenin guda daga jakar gidan, ya kamo bushiya a gindin shinge, ya jera su a ƙasa ya ƙare musu kallo, sannan ya dawo ya shaida wa mahaifinsa cewa an yi kuskure, domin ta shinge tana da ƙafafu, ta azurfa kuwa ko ɗaya ba ta da ita. Ya sha duka saboda fenin ɗin da ya ɗauka, amma dukan bai amsa masa tambayarsa ba, kuma wannan tambaya ce ta ja akalar rayuwarsa har ƙarshenta.

Koyon Sana'a a Dorestad

A shekara ta 701, da mahaifinsa ya haƙiƙance cewa yaron ba zai amfana wa gishiri komai ba, ya danƙa shi ga wani matuƙin jirgi ya kai shi Dorestad, a bakin kogin Rin, wurin Ubbo ɗan Tiard mai buga kuɗi. A wancan lokaci garin yana hannun Farankawa bayan sun ƙwace shi daga sarkin Firisawa, sai dai sauyin sarauta bai taɓa sauya aikin maƙerar Ubbo ba. Ɗan kasuwa ya kawo azurfarsa, a narka, a yayyanka bisa ma'auni, a ɗora kowane yanki a kan hatimin ƙarfe da ke kafe a kututture, a aza masa hatimi na sama, a buga da guduma, mai azurfa ya kwashe sulallansa ya bar ladan aiki.

Sibrand ya yi shekarunsa na farko a kan zugazugi da yankan azurfa, har Ubbo ya lura yana da natsuwar hannu, ya zaunar da shi a kan sassaƙar hatimi. Hatimi ba ya jimawa ƙarƙashin guduma yake tsagewa, saboda haka kullum ana buƙatar sabo, kuma ƙa'idar masu sassaƙa a duk inda Bafirise ya kafa kututture ɗaya ce. Ba a duban tsohon hatimi. Mai sassaƙa hannu zai sa a jakar wanda ya kawo aiki, ya ɗauko fenin ɗin da ke yawo a kasuwa a wannan makon, ya kwaikwaye shi a juye a jikin ƙarfe, domin mai azurfa ba ya son komai sai abin da ya yi kama da na jakar maƙwabcinsa. Da yake kuma a kan yawan hatimi ake biya, ba a kan kyansa ba, kowa sauri yake yi.

Ranar da ya kammala hatiminsa na farko ya kai wa maigidansa, ya yi amfani da wannan dama ya maimaita tambayar da ya sha duka a kanta.

"Maigida, wai wannan da muke sassaƙawa kullum, mene ne shi?"

"Abincinka ne," in ji Ubbo. Ya ɗaga hatimin ya duba a haske. "Ƙara mata ƙaya biyu, ka bar ta da sanƙo."

Ya ƙara ƙayoyin, amma bai bar nazari ba. Cikin 'yan shekaru ya lura da wani abu da dukkan masu sassaƙa ke yi da hannuwansu ba tare da sun sani ba. Miƙaƙƙen layi sara ɗaya ne, ɗigo bugu ɗaya ne, don haka waɗannan biyu ba sa ɓacewa, ƙaruwa ma suke yi. Lanƙwasa kuwa tana cin lokaci, sai kowane mai sassaƙa ya rage mata kaɗan, na bayansa ya kwaikwayi ragaggiyar ya sake ragewa. Daga nan ya yanke cewa tunda bushiya tana sauyawa a gabansa, lalle a baya wani abu ne daban, kuma wanda ya bi sawunta da baya-baya zai iske asalinta. Ya samo wani allon katako ya huda masa ramuka a jere, ya fara musayar ladansa da duk tsohon fenin da ya shigo maƙera, yana jera su daga sabo zuwa tsoho. Ya zama cikakken mai sassaƙa a shekara ta 708, kuma da Ubbo ya rasu a 712 ba tare da ya bar ɗa ba, shi ya gaji kututturen da gudumar.

Aurensa da Iyalinsa

A shekara ta 713 ya auri Tetta 'yar Wibo, mai saƙar filafilan jirgi masu kama iska a unguwar masunta. Doguwar mace ce mai siririn hanci, tana naɗe kitsonta a ka ta ɗaure da zare, kuma a wuyanta akwai duwatsun ambar uku da ta gada daga mahaifiyarta, waɗanda ba a taɓa ganin ta cire ba. Bakinta yana da kaifi. Ita ce ta sa wa allon nan suna garken maigida, tana cewa a duk ƙasar Firisawa shi ne garken da ba ya ba da ulu, ba ya ba da madara, ga shi da cin kuɗi. Duk da haka ita ce take tsayawa a kasuwa tana tsintar tsofaffin sulalla cikin canjin da aka ba ta, ta kawo masa ta zube a gabansa tana mita.

A shekara ta 716, lokacin da yaƙi ya sake tashi tsakanin Firisawa da Farankawa a kan garin, iyalin suka yi gudun hijira zuwa Winaldum. An ce Sibrand ya ɗauki guduma da ma'auni, Tetta kuwa ta goya ɗansu na fari, ta naɗe garken maigida a bargo ta ɗora a ka, ta bar tukwanenta ga duk wanda ya ci yaƙin. Sun koma Dorestad bayan ƙura ta lafa, kuma a 722 aka yi wa gidan gaba ɗaya baftisma. Allah ya ba su 'ya'ya biyar: Hidde a 715, Imma a 717, Folkmar a 720 wanda ya rasu yana jariri, Ava a 723, da Rikbern a 726.

Gano Asalin Bushiya

Zuwa shekara ta 724 allon ya yi nisa. Duk wanda ya bi jerin da ido zai ga ƙayoyin suna gajarta suna kwantawa, wani ɗigo yana fitowa a ƙarƙashin doron, sannan wani ɗan tsini a gabansa. A wannan shekara wani falke daga Kent, can ƙetaren teku, ya biya shi ladan aiki da wani fenin da ya tsufa ƙwarai, wanda ya fi duk na allon bayyana, amma Sibrand ya yi kwanaki yana juya shi bai ga komai ba face bushiya mai rama. Dalili kuwa shi ne tun yana yaro doron yake ajiyewa a sama, kamar yadda kowa ke yi. Tetta ce ta zo ɗaukar akushi daga ɗaya gefen teburin, ta leƙa daga inda take tsaye, ta ga abin a miƙe.

"Baban Hidde, wannan ai mutum ne. Ga hancinsa, ga idonsa. Shekara nawa kana kiwon mutum kana ce masa bushiya?"

Ya juya fenin ɗin yadda ta gan shi, kuma an ce ranar bai buga ko fenin ɗaya ba. Doron ƙeya ce, ƙayoyin gashi ne da aka taje, layin da ke ratsa su kuwa ɗaurin kai ne. Ya juya dukkan sulallan allon ɗaya bayan ɗaya, yana kallon yadda mutum ke narkewa a hankali yana komawa dabba, ya yi farin ciki matuƙa, ya kuma ji haushin cewa mai ɗaukar akushi ta riga shi.

Abin da ya rage masa shi ne hujja, kuma teku ce ta kawo ta. A hunturun 727 guguwa ta cinye gefe guda na tudun Winaldum ta tone tsofaffin kaburbura, yayarsa Bava ta aiko masa cewa an tsinci wata tsabar zinariya mai maɗauri, irin wadda matan zamanin da suke ratayawa a wuya, kuma akwai kan mutum a jikinta. Ya tafi cikin sanyi, ya fanshe ta daga dattawan tudun da kuɗin saniya. Kan wani sarkin kudu ne na zamanin da, gashinsa a taje, ɗaurinsa a ka, kafaɗarsa a lulluɓe, kowane layi a inda allon ya nuna zai kasance. Sai dai matar da ta rataya ta ta yi shekaru tana goga ta a jikin riga, har daga goshi zuwa haɓa ya shafe ya yi santsi. Ya samu kai, bai samu fuska ba, alhali fuskar ita ce abin da ya fita nema.

Hatimin Fuska da Shari'ar da Ta Biyo Baya

A bazarar 729 ya ƙudurta zai mayar wa fenin fuskarsa. Matsalar ita ce mai sassaƙa irin namu ba ya iya sassaƙa abin da ba ya gabansa, domin kwaikwayo aka koya masa ba ƙirƙira ba. Saboda haka ya zaunar da Tetta a bakin ƙofar maƙera ta ba shi gefen fuskarta, kullum da la'asar, tana kaɗi tana tsiya. Ya ɗauki gashi da ɗauri daga zinariyar, ya ɗauki goshi da hanci da leɓe da haɓa daga matarsa, kuma da yake hannu yana bin abin da ido ya gani, duwatsun wuyanta uku suka shiga hatimin ba da niyyarsa ba. Da ya buga na gwaji ya miƙa mata, ta daɗe tana dubawa, kunya da jin daɗi suka kama ta, ta rufe su da faɗa.

"Ka rasa wanda za ka jawo wa magana a garin nan sai ni? Kuma ka ƙara mini hanci."

Ya rantse bai ƙara ba, ta rantse ya ƙara, kuma ba su taɓa daidaitawa a kan wannan batu ba.

A nan ne Sibrand ya yi kuskuren da ya kusa raba shi da hannunsa. Wani ɗan kasuwa mai suna Gerbrand ya kawo azurfa mai yawa yana gaggawa, domin jirgin ƙanensa zai tashi zuwa kasuwar Ribe ta ƙasar Danawa. Sibrand ya buga ta duka da sabon hatimi ba tare da ya nemi izini ba, yana zaton duk wanda ya ga fuskar mutum a inda ya saba ganin bushiya gode masa zai yi. Aka auna jakunkuna aka ɗaure ba tare da an duba ciki ba, wani kashi ya bi jirgi, ragowar Gerbrand ya shiga da ita kasuwar Dorestad. Mai sha'ir ya ƙi karɓa, mai giya ya ƙi, masu fito suka ce ba su san wannan kuɗi ba. Wata mai sayar da kifi ta ɗaga fenin ɗin ta ce ita ta san wannan hanci, na matar Sibrand ne, kuma kafin azahar labari ya gama gari cewa mai buga kuɗi ya naɗa matarsa sarautar Firisawa.

Gerbrand ya kai ƙara gaban taron dattawa bisa zargin buga kuɗin jabu, laifin da hukuncinsa shi ne a sare hannun dama a kan kututturen da aka yi aikin. Mai faɗin doka a lokacin, Adalger, ya sa aka auna sulallan aka narka wasu, aka iske nauyinsu cikakke, azurfarsu kuma ta fi ta wasu bushiyoyin da ke yawo tsabta. Sibrand ya kawo allonsa da zinariyarsa, ya nuna wa taro jerin daga kan sarki har zuwa bushiyar wannan makon. Dattawa sun ji daɗin abin ƙwarai, suka yi ta miƙa wa juna allon suna juya sulallan, har biyu daga cikinsu suka soma gardama a kan ko wane sarki ne, aka kusa manta da shari'ar. Gerbrand ne ya dawo da su.

"Ni azurfa na kawo maka, Sibrand, ban kawo maka tarihi ba. Mai kifi ba ta san sarkin kudu ba, bushiya ta sani. Kuɗin da ba a karɓa, ko da na zinariya ne, me zan saya da shi?"

Gaskiya ita ce Gerbrand bai faɗi ƙarya ba. Fenin ɗinmu ba shi da sunan sarki da zai tsaya masa, sabon da mutane suka yi da shi ne kaɗai ke tsaya masa, daga Kent har Ribe. Adalger ya yanke cewa doka ta san ƙarfen jabu amma ba ta san hoton jabu ba, saboda haka hannu ya tsira. Sai dai ya umarta a fasa hatimin a gaban jama'a, a narka duk abin da aka buga da shi a sake bugawa bisa aljihun Sibrand, kuma ya rantse ba zai sake sassaƙa komai a ƙarfe ba sai bushiya. Tetta ta roƙa a bar mata guda ɗaya, ko da na gwajin nan ne, aka ƙi. Ta tsaya ta ga an zuba su a tukunya, ta juyo ta gaya wa matan unguwarsu cewa ita ce mace ta farko da aka narka a Dorestad, kuma ba ta ji zafi ba.

Rasuwar Tetta da Shekarun Nema

Tetta ta rasu a kakar 732 sakamakon zazzaɓin fadama, bayan jinya ta 'yan kwanaki. Sibrand ya yi baƙin ciki mai tsanani, kuma bayan an binne ta ne ya tuna cewa a duk duniya babu inda fuskarta ta rage sai a jikin sulallan da suka bi jirgin Ribe kafin hukunci. Daga wannan shekara neman ɗaya daga cikinsu ya zama aikinsa na biyu. Ƙanen Gerbrand ya shaida masa cewa Danawa sun karɓe su bisa nauyi ba tare da sun duba ba, suka watse cikin fataken ambar da na fata. Duk da haka babu jirgin da zai sauka daga arewa bai tarye shi a gaɓa ba, yana roƙon matuƙa su bar shi ya duba jakunkunansu. Wasu suka bari don tausayi, wasu don nishaɗi, kuma yaran gaɓa suka riƙa ce masa tsoho mai neman matarsa a jakar mutane, wanda ba ƙarya suka yi ba.

Rantsuwarsa ta shafi ƙarfe ne kawai, don haka ya gwada zana ta a jikin dalma daga abin da yake tunawa. Na farko bai yi ba, sai ya yi na biyu yana duban na farko, ya yi na uku yana duban na biyu, kamar yadda hannunsa ya saba. Da ya nuna wa 'yarsa Imma na ƙarshe, ta duba ta ce masa cikin ladabi wannan ba Inna ba ce. Ya gane cewa shi ma ya hau hanyar mayar da ita bushiya, ya narka dalmar bai sake gwadawa ba.

Ya ci gaba da sassaƙa bushiya kamar yadda ya rantse, kuma an yarda cewa tasa ta fi ta kowa tsabta. Da babban ɗansa Hidde ya zama matuƙi a hanyar Ribe, ya ɗora masa wannan nema. A shekara ta 755 sarkin Farankawa ya fito da sabon kuɗi mai faɗi, siriri, ɗauke da sunansa, aka soma tattara tsofaffin sulalla ana narkawa. A daidai wannan lokaci idanun Sibrand suka yi rauni, ya miƙa wa ƙaramin ɗansa Rikbern guduma. Bai yi kukan sana'ar ba. Abin da ya dame shi shi ne kowace tukunya da aka ɗora a wuta tana iya cinye abin da yake nema.

Fenin ɗin Ribe

A bazarar 758 Hidde ya dawo daga arewa ya iske mahaifinsa zaune a bakin ƙofar maƙera yana shan hantsi. Ya ba shi haƙuri cewa bana ma bai samu fuskar ba, amma ya zo masa da wata baƙuwar bushiya da ake bugawa a can, ko za ta yi amfani a allo. Tsohon ya karɓa, ya kai ta dab da idonsa, ya juya ta a miƙe kamar yadda aka koya masa, ya bi ta da ɗan yatsa. Ƙayoyin sun yi tsawo, babu goshi, babu leɓe, babu haɓa, hanci ya zama wani ƙaton tsini mai kusurwa uku. A ƙasa, inda bushiyar Dorestad ba ta da komai, yatsansa ya tsaya a kan ɗigo uku a jere.

"Hidde, mahaifiyarku ce."

Hidde ya ji tsoron ko tsufa ne ya soma taɓa mahaifinsa.

"Ga duwatsunta nan. Ɗigo bugu ɗaya ne, ba mai rage shi." Ya sake shafa tsinin. "Tun ranar ta ce na ƙara mata hanci. Dubi abin da suka yi da shi."

Ya yi dariya har ta koma masa kuka, ya bar hawayen suna zuba bai share ba. Sai a lokacin Hidde ya tuna abin da mai buga kuɗin da ya ba shi ita ya faɗa, wanda bai ɗauka da muhimmanci ba, cewa maigidansa ya kwaikwayo ta ne daga wani kan mutum da ya zo daga ƙasar Firisawa, shi kuma ya kwaikwayi na maigidansa, na bayansa suna kwaikwayon nasa. Da Sibrand ya natsu, tambaya ɗaya ya yi.

"Suna karɓarta a can?"

"Ko'ina, Baba. Mai ɗigo uku ko auna ta ba a yi."

"To, madalla," in ji shi. "A nan sun ƙi ta da fuskarta."

Daga wannan rana bai sake zuwa gaɓa tarar jirgi ba. Bai sa fenin ɗin a allo ba, a jikinsa yake ajiye shi. Imma ta ruwaito cewa a shekarunsa na ƙarshe wata sabuwar tambaya ce ta kama shi, yana yawan ɗauko zinariyar nan mai shafaffiyar fuska yana cewa yanzu ya daina tabbata sarki ne a jikinta, domin wanda ya sassaƙa ta wataƙila bai taɓa ganin sarkin ba, kuma yana so ya san wa aka zaunar masa a bakin ƙofa.

Rasuwarsa

Sibrand ɗan Menold ya rasu a farkon hunturun shekara ta 761, a watan yankan dabbobi, a gidansa da ke Dorestad, yana da shekara saba'in da uku, bayan ciwon ƙirji na ɗan lokaci. An binne shi a harabar majami'ar garin kusa da kabarin matarsa. Limamin majami'a ya hana a sa wa mamaci kaya irin na al'adar da, amma Imma ce ta yi masa sutura, kuma ta damƙa masa fenin ɗin Ribe a hannunsa na dama ta rufe yatsunsa a kai. Sulallan allon sun shiga tukunya bisa sabuwar doka, zinariyar ma ta bi su. Allon yana nan a maƙera da ramukansa.

Ya rasu ya bar 'ya'ya huɗu: Hidde, matuƙin jirgi a hanyar Ribe, Imma, matar Eilward mai saƙar filafilai a unguwar masunta, Ava, wadda ke aure a Winaldum, da Rikbern, wanda ke buga sabon kuɗi mai sunan sarki a kan kututturen Ubbo. Ya bar jikoki da dama, cikinsu har da Tetta 'yar Ava, wadda aka haifa bayan idanunsa sun dushe, don haka bai taɓa ganin ta sosai ba. Duwatsun nan uku suna wuyanta yanzu, kuma tsofaffin da suka san kakarta suna cewa hancin nata ne, yadda yake kafin a ƙara shi.